Kogon Haƙori Ba Ya Cikewa Da Kansa

Da yawa daga cikinmu idan haƙori ya yi kogo, sai mu cusa kanumfari ko mu sha maganin ciwo, mu jira ya lafa. Ciwon kan lafa, amma kogon yana nan yana ƙara zurfi, domin haƙori ba ya warkewa kamar fata. Ƙwayoyin cuta na baki suna cin sukarin alewa da lemon kwalba, suna fitar da tsamin da ke zaizaye shi.

Idan muka je da wuri, likitan haƙori zai kankare ruɓaɓɓen wurin ya yi ciko. Akwai amalgam, haɗin zaiba da azurfa da kuza da tagulla. Yana da ƙarfi, amma tun Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ƙasashe ke rage amfani da shi saboda zaibar. Akwai kuma kwamfozit mai launin haƙori, wanda ake daskarar da shi da shuɗin haske. Na ukun shi ne gilas ayonoma, da aka fi yi wa ƙannenmu, domin yana sakin fuloraid mai kare haƙori. A Tanzaniya, cikin shekarun 1980, aka fara dabarar sa shi da kayan hannu kawai, ba inji ba lantarki.

Idan muka yi jinkiri har ruɓar ta kai jijiya, sai dai a kwashe jijiyar ko a cire haƙorin, ga tsada ga wahala. Mu da muka riga muka yi famfara, wanda aka cire ba zai sake fitowa ba. Da mun ga baƙin ɗigo, ko ruwan sanyi ya fara tsira mana, mu faɗa wa iyayenmu tun kafin fuska ta kumbura.