Ina Aka Tsinko Ganyen Nan?

Bari in yi wa 'yan'uwana ɗalibai magana bisa wani abu da ya tsaya mini a rai tun hutun da ya wuce.

Na yi hutun nan a Garki wurin gwaggota. Ran nan zazzaɓi ya kama ɗan autanta, sai ta aike ni in tsinko mata rai-ɗore. To, Garki ta yau ba ta da daji. Tun da aka komo da hedkwatar ƙasa Abuja cikin 1991 gini ya cinye gonaki, sai ɗan fili nan da can. Inda na sami rai-ɗoren kuwa bayan wata rumfa ne ta masu gyaran batirin mota, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin. Ganyen ƙanana ne, sabon toho ya yi ɗorawa, jijiyoyi kaɗai ke kore. Na tuge ɗaya, na ga saiwa gajeriya, a dunƙule. Sai na koma hannu wofi.

Gwaggo ta ce, "Kai ɗan nan, boko ya ɓata ka! Rai-ɗore ai rai-ɗore ne." Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, wannan shi kansa ba shi da lafiya." Yaron dai asibiti aka kai shi, Allah ya ba shi sauƙi.

Ga dalilina. Tsiro da saiwa ya ke ci, abincinsa kuwa har da ƙarfe da tutiya da sinadarin alli, kowanne da ƙofar da ya ke shiga. Amma akwai waɗansu ƙarafa masu guba da su ke kama da abincin nan. Wanda a ke kira kadmiyam ya kan bi ƙofar tutiya da ta ƙarfe, ya yi musu kutse. Dalma, wadda ke cikin batirin mota da tsohon fenti, ta kan hana saiwa tsawo, ta tare wa sinadarin alli hanya. Watau baƙo ya shigo ya kori masu gida. Ƙarfe ya yi ƙaranci, sai ganye ya kasa yin kore, tsiro ya tsumbure ko da ƙasa na da taki. In ƙasar mai tsami ce abin ya fi muni, don a nan ƙarafan su ke saurin narkewa.

Abin tsoro shi ne ba kullum tsiro ya ke nuna alama ba. Dalma ta fi zama cikin saiwa, kadmiyam kuwa ya kan hau har ganye. Mu kuwa da saiwar da ganyen duka jiƙawa mu ke yi mu sha. Wanki ya kan fid da ƙurar da ke bisa, ban da abin da ya riga ya shiga ciki. Tafasawa ta kan kashe ƙwayoyin cuta, amma ƙarfe ba rai gare shi ba balle ya mutu.

Kada wani ya ce tatsuniyar Turawa ce. Cikin 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum ta Zamfara, cikin 2015 kuma ta sake ɓulla a Rafi ta Jihar Neja, maƙwabtanmu. Gaskiya can ƙurar dutsen zinariya ce ta shiga cikin yaran, amma sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, don dalma ba ta ruɓewa. A Japan kuwa ta hanyar shuka abin ya zo. Ruwan kogin Jinzu ya kwaso kadmiyam daga ma'adinai, shinkafa ta sha, mutane suka ci, ƙasusuwansu suka yi ta karyewa, har gwamnati ta amsa dalilin cutar cikin 1968.

Ni ba na zagin maganin gargajiya, da shi aka rene ni. Har ma a Idu, nan Abuja, akwai cibiyar gwamnati ta binciken magunguna da ta haɗa maganin sikila daga itatuwanmu. Sai dai kakanninmu daji su ke shiga su saro sabara da kalgo. Mu kuwa bakin kwalta da juji da gefen kwata mu ke kiwo, sa'an nan mai saye a kasuwa ya tambayi suna da kuɗi, ba ya tambayar inda aka tsinko.

Gobe mu ne za a ba azuzuwa, kowace makaranta kuwa da ɗan lambunta. Ina ganin ya kamata mu fara daga nan kwaleji. A keɓe kunya biyar ko shida nesa da hanyar mota da inda a ke ƙona shara, a shuka zogale da shuwaka da tafasa da rai-ɗore. Kafin a sa fartanya, ina roƙon malaminmu na aikin gona ya sa mu ɗebi ƙasar wurin a kai ɗakin awo. Ni na ɗauki nauyin kawo irin rai-ɗoren, amma ba daga bayan rumfar nan ba.