AIKIN HANNU: Wane Shafe Ya Dace Da Murfin Akwatin Kifin Teku?

Kiwon kifin ado na ruwan teku a cikin akwatin gilashi sha'awa ce mai cin kuɗi, shi ya sa masu yinta da dama sukan haɗa murfin katako da hannunsu, ko su bai wa kafinta. Murfin nan shi ke ɗauke da fitilu, shi ke kuma hana kifi tsallakowa waje. To, amma idan aka zo wajen shafe, sai hankali ya koma ga ƙyallin da baƙo zai gani, a manta da cikin murfin, alhali kuwa a can ne rayuwar kifin ta rataya.

Dalili kuwa shi ne, kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, ana kuma riƙe ruwan da ɗumi wajen digiri 25 a ma'aunin Salshiyas. Dare da rana tururi yana tashi, ya taru a ƙarƙashin murfi, ya komo cikin ruwa ɗigo-ɗigo. Feshin ruwan kuma yakan bushe ya bar ɓawon gishiri a jikin katako. Watau duk abin da aka shafa a ciki, ɗigon nan yana iya wanko shi ya kai wa kifi.

Saboda haka abin gudu na farko shi ne fentin da ake shafa wa gindin jirgin ruwa. Kyan ɗan maciji gare shi: yana jure gishiri, amma galibi an haɗa shi da sinadarin jan ƙarfe don ya kashe halittun da ke manne wa jirgi, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya hallaka jatan lande da murjani. Haka nan katakon da aka jiƙa da maganin gara, da fenti mai maganin fumfuna. Folish ɗin kujeru da man katako kuwa ba su da ƙarfin tsare irin wannan laima.

Abin da ya fi dacewa da ciki shi ne ifoksi, wanda ake gauraya ruwa biyu su daskare kamar gilashi. A yi shafe biyu ko uku, ana gogewa da samfefa a tsakani. Fari ya fi, domin yana mayar da hasken fitila cikin ruwa. A waje kuwa foliyuretan, ko man shafen da ake yi wa katakon saman jiragen ruwa, ya wadatar, kuma yana fito da kyan madaci.

Kazalika wajibi ne a shafe kowace fuska, musamman bakin yanka da ramukan ƙusa, don ta nan katako ya fi shan ruwa. Ƙusoshi da maratayan ƙofa su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, ban da tagulla, gama akwai jan ƙarfe a cikinta. A kuma huda kafofin iska a baya, saboda haɗuwar laima da wayar lantarki hatsari ce ga mutanen gida.

Saura haƙuri. Bushewar taɓawa daban, nuna daban. Ifoksi yakan nemi kamar mako guda, foliyuretan kuwa har wata guda, kuma sanyi yana ƙara jinkirta su. Muddin hanci yana jin wari, murfi bai isa hawa kan akwati ba. Wanda ya yi gaggawar kwana bakwai yana iya asarar kifin da ya shekara yana reno.