Sarkin Kano Abbas da Yadda Aka Gaje Shi

Zuwa ga Edita,

A wannan mako ina so in yi magana a kan Sarkin Kano Muhammadu Abbas, gama kakanninmu na Birnin Kudu da Gwaram talakawansa ne. Sai a 1991 aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, yanzu kuwa Sarkin Dutse muke bi.

Abbas ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi ne, shi ne Wambai a zamanin ɗan'uwansa Sarki Alu. Sa'ad da Turawa suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa. A hanyar komowa rundunar ta rabu. Aka kama Alu, aka kai shi Yola, daga nan sai Lakwaja, can ya rasu a 1926. Waziri Ahmadu ya kara da sojan Turawa a Kwatarkwashi, nan ya kwanta dama. Wambai Abbas ne ya komo gida da sauran jama'a, Gwamna Lugga ya naɗa shi a watan Afrilu.

To, jama'a, ku lura da abin da ya sake a nan. Dā Sarkin Musulmi ke da magana ta ƙarshe a kan gadon Kano, amma shi ma in ya ƙi jin mutane sai ƙasa ta ɗauki wuta. Haka aka yi a 1893, da aka naɗa Tukur, Yusufu da jama'arsa suka fita zuwa Takai, nan kusa da mu, aka yi Basasa. Daga 1903 sarauta ta zauna a gidan Dabo kamar dā, sai dai sanda daga hannun Gwamna take fitowa, wanda ya bayar kuwa yana iya karɓewa.

Abbas ya ɗanɗana wannan tun yana da rai. Ya naɗa babban ɗansa Abdullahi Bayero Waziri, kowa ya gane inda ya nufa. A 1908 Razdan Dokta Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma domin shi ya raba ƙasa gunduma gunduma, ya tuɓe Bayero, ya ba Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, bawan gidan sarki, wazirci. Babu wulakancin da ya fi wannan, amma Sarki ya haɗiye. Ba a daɗe ba aka ɗauke Razdan, aka warware naɗin. Bayero ya zauna a matsayin Ciroma.

Da Abbas ya rasu a 1919, ba ɗan nasa aka naɗa ba. Sarauta ta faɗa wa ɗan'uwansa Wambai Usman, hakimin Ringim, dattijo, har ana ce masa Ɗan Tsoho. Ciroma ya koma gundumarsa, bai fita Takai ba. Bayan shekara bakwai, a 1926, ya hau gadon, ya yi shekara ashirin da bakwai a kai. Mahakurci mawadaci.

Wannan dabara ta riƙe sanda ba a ƙasarmu Turawa suka fara ta ba. A Indiya suka gwanance da ita, Lugga kansa a Madras aka haife shi a 1858. Can akwai sarakunan Rajput, gidajen mayaƙa masu tsohuwar sarauta. A birninsu na Jodhpur, da Sarki Sumer Singh ya rasu a 1918, ƙanensa Umaid Singh ya gaje shi yana ɗan shekara goma sha biyar, aka sa ƙanen kakansa Pratap Singh ya riƙe masa ƙasa, ba a danƙa masa cikakken iko ba sai a 1923. Ikon nan na tabbatar da sarki bai bi Turawa gida ba, gwamnatin Indiya ta gaje shi, a 1971 kuwa ta soke muƙaman sarakunan da albashinsu.

Mu ma haka. A 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta sa Sarki Sanusi ɗan Bayero ya yi murabus, aka kai shi Azare. A 2020 gwamnan Kano ya tuɓe jikansa, a 2024 wani gwamna ya maido shi, magana ta kai gaban alƙalai. A nan ƙasar Dutse mun gode Allah, da Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi ya rasu a Janairu 2023 aka naɗa ɗansa Hamim ba tare da hayaniya ba.

Saboda haka ina roƙon mahukunta su bar masu zaɓen sarki su yi aikinsu bisa ƙa'idar da kowa ya sani, kada sanda ta zama ladan siyasa. In gado ya rikice a birni, dagaci da manomi na Gwaram ba su san wanda za su kai wa kuka ba. Malamai kuma, ku koya wa yara tarihin nan. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.

Naku,
Akawu, Birnin Kudu.