Ƙarin kuɗin mota: wa ya ci riba?

Jama'a, ku zo mu yi lissafi da masu motocin kasuwa, don mun gaji da jin magana guda: "mai ya yi tsada".

Gaskiya ne, a shekarar 2023 gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin mai. Man kwalba da ake sayarwa bakin hanya a Maraɗi da Damagaram ya tashi. Motocin da ke ɗaukarmu daga ƙauye zuwa kasuwar Maraɗi suka ƙara kuɗi. Muka yi haƙuri. Amma cikin watan Yuli na 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin litar isansi zuwa tamma 499. A tasharmu ko dala ba a rage mana ba. Ashe kuɗin mota ya iya hawa, bai iya sauka ba?

Malam direba, ga lissafi. A ce motarka na ɗaukar mutum 18, kowa dala 100. Jika 9 ke nan. Ka mai da shi dala 150, sai mutum 11 suka zo. Jika 8 da dala 50 ke nan, kuma man da za ka ƙona bai ragu ba. In ka ce sai ta cika, ka zauna har azahar, sawu biyu ya koma ɗaya.

Ba a nan kaɗai ba. A biranen Amurka an daɗe da lura cewa in aka ƙara kashi 10 cikin 100 ga kuɗin motar haya, wajen mutum 3 cikin 100 na daina shiga. Can masu albashi ne. Ina ga manomi mai jiran kaka?

Su wa suka daina zuwa? Ba alhazai ba. Matar da ke kai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ce. Kuɗin zuwa da dawowa ya cinye ribarta, sai ta sayar a gida da araha ga mai sari. Wasu sun koma amalanke, wasu mutum uku bisa kabu-kabu guda. Marar lafiya kuwa ana ta jinkiri da shi, ba a kai shi likita sai ciwo ya ci ƙarfinsa. Wannan shi ya fi ɓata mini rai.

Shugabannin direbobi su zauna da masu gari da matan kasuwa a yanke kuɗin kowace hanya. A rubuta shi da manyan baƙaƙe bisa allo a bakin tasha, tare da kuɗin litar mai na ranar da aka yanke shi.