Kafin Mu Biya Malamin Kiɗa, Mu Tambayi Yadda Yake Koyarwa



A 'yan shekarun nan malaman lesin na kiɗa da waƙa sun fara shiga gidajen Hausawa mazauna Legas, kamar yadda malaman lissafi da Turanci suka daɗe suna shiga. Makarantun kuɗi da 'ya'yanmu ke zuwa suna koyar da kiɗa, yaro ya dawo gida ya ce yana son fiyano ko jita, uba ya saya, sai a shiga cigiyar wanda zai koya masa. Wasu iyayen ba su yarda da kiɗa a gidansu ba sam, kuma matsayinsu abin girmamawa ne. Maganata da waɗanda suka riga suka yanke shawarar ɗaukar malami ce, domin yawancinmu kuɗin wata kawai muke tambaya, da ranakun da zai riƙa zuwa. Ba mu cika tambayar ta wace hanya zai koyar ba, alhali nan ne riba ko asara take. Ra'ayina shi ne, malamin da ya cancanci kuɗinmu shi ne wanda zai fara horar da kunnen yaro kafin ya ajiye masa takarda. Idan kuma waƙar Hausa ake so, to dole ya zama mai jin Hausa.

Malaman da ake samu a garin nan kusan iri biyu ne. Na farko malamin takarda ne. Tun ranar farko zai buɗe littafi mai layuka biyar-biyar, ya nuna wa yaro ɗigon da ke nufin wannan sauti da wanda ke nufin wancan, da yadda ake zama, da yatsan da zai taɓa kowane maɓalli. Burinsa jarrabawa, ko dai ta hukumar ABRSM ta Ingila wadda aka kafa a 1889, mai matakai daga 1 zuwa 8, ko kuma ta MUSON, ƙungiyar da aka kafa a 1983 wadda cibiyarta ke Onikan. Wannan hanya tana da tsari. Uba zai san matakin da ɗansa yake, kuma yaron da ya iya karanta rubutun kiɗa zai iya buga abin da bai taɓa ji ba. Illarta kuwa, idan malamin bai ƙware ba, ita ce yaro ya shekara yana ƙirga ɗigo, amma da zarar an ɗauke littafin sai hannunsa ya tsaya cak. Ko waƙar da ƙannensa ke rerawa a tsakar gida ba zai iya lalubo ta a fiyanon ba.

Na biyu malamin kunne ne. Yawancinsu a coci ko a situdiyo suka koya, suna amfani da do-re-mi, su buga yaro ya kwaikwaya. Cikin 'yan makonni za ka ji yaro yana buga waƙa sukutum, kowa a gida ya yi murna. Sai dai wasunsu ba su da wani tsari. Waƙoƙi biyar ko shida suke juyawa, ba sa gyara zama ko riƙon yatsu, kuma in yaro ya saba da mummunan riƙo, raba shi da shi ya fi koya masa tun farko wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda zan ba wa shawarar a ɗauka shi ne wanda ya haɗa biyun, amma ya sa kunne a gaba. Ba sabon abu na kawo ba, haka makaɗanmu suka koya. Yaron da ya tashi a gidan kiɗa yakan daɗe yana ɗaukar kaya yana saurare, sannan ya shiga cikin 'yan amshi, ya riƙe turken waƙa har ya zauna masa, kafin a ba shi ƙaramar ganga, kafin kuma wata rana ya ja waƙa da kansa. Ta wannan hanya Musa Ɗanƙwairo ya taso a gidan mahaifinsa. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsarkiya ɗaya ya zaga duniya, kuma kunne ne jarinsa. Wani malamin gogen Turawa ɗan ƙasar Japan, Shinichi Suzuki, wanda ya rayu daga 1898 zuwa 1998, a kan wannan tunani ya gina hanyarsa da ake bi a ƙasashe da dama a yau. Ya lura cewa kowane yaro yana iya harshen uwarsa ta hanyar ji da maimaitawa tun kafin ya san baƙi da wasali, sai ya ce a koyar da kiɗa haka: saurare kullum, uwa ko uba su zauna a darasin, karatun rubutu ya biyo baya.

Wani zai ce ai satifiket ake nema, kiɗan kunne kuwa ba ya ba da takarda. Gaskiya ne takarda tana da amfani, musamman ga wanda zai karanta fannin kiɗa a jami'a. Amma ita kanta jarrabawar ABRSM tana da sashen gwajin kunne, inda ake buga sauti a ce ɗalibi ya maimaita ko ya faɗi abin da ya canza. Yaron da aka horar da kunnensa ba ya rasa komai a zauren jarrabawa. Wanda aka hana shi wannan horo shi ne ke shan wahala.

Batun murya ya fi na kayan kiɗa haɗari, domin fiyano in ya lalace ana sayen wani, maƙogwaro kuwa ba a sayar da shi a Alaba. Malamin murya na ƙwarai da numfashi yake farawa, ya koya wa yaro jan iska har cikinsa ya motsa, ba ɗaga kafaɗa ba, sannan ya ɗumama murya a hankali kafin a hau sama. Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya san wannan horo na numfashi da mafitar haruffa. Idan yaro yana gama darasi da dusasshiyar murya ko ciwon maƙogwaro, akwai gyara a koyarwar. Haka nan yaro namiji da muryarsa ta fara buɗewa lokacin balaga, ba a tilasta masa hawa sautin da yake kaiwa a da. Malamin da bai san wannan ba zai iya yi masa lahani.

Sai batun harshe. Hausa tana da karin sauti da tsawon wasali, kuma su ke rarrabe ma'ana. Kukan jariri daban, kukar miya daban, ko da yake rubutunsu ɗaya ne. Fari na launi daban, fari na rashin ruwan sama daban. Shi ya sa mai kalangu ke matse tsarkiya a hammatarsa yana sassautawa, har kalangun ya faɗi magana mai jin Hausa ya gane ta. Malamin da ba ya jin Hausa zai iya koya wa yaro numfashi da daidaita murya sarai, amma ba zai ji lokacin da karin waƙa ya murɗe kalma ba, ba zai kuma bambance ƙ da k, ko ɗ da d ba. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda Yarbanci da Turancin Buroka suka riga suka yi wa Hausarsu rinjaye, su suka fi buƙatar mai gyara musu wannan.

Saboda haka kafin a yi ciniki, uba ko uwa su nemi darasin gwaji, su zauna su kalla. A duba ko malamin yana sa yaro ya rera abin da zai buga kafin ya buga shi. A tambaye shi abin da yaro zai iya bayan wata uku, da wanda zai iya bayan shekara. A tambaye shi atisayen da za a riƙa yi tsakanin darasi da darasi, domin minti 15 kullum ya fi awa 2 a rana ɗaya amfani. Darasi ya zama a falo, ƙofa a buɗe, da babba a kusa, ko yaron namiji ne ko mace. Kada ya ci lokacin sallah ko na Islamiyya. Malamin da ya ɓata rai saboda waɗannan sharuɗɗa ya riga ya ba ka amsa.

Akwai kuma abin da ya kamata ya dame mu a matsayinmu na al'umma. A Agege, Idi-Araba da Mile 12 akwai dattawa masu kalangu da masu goge ko kukuma, waɗanda ba mu tuna su sai ranar biki, mu liƙa musu 'yan canji mu watse. Muna biyan baƙon malami kuɗin wata ba gardama, amma ba mu taɓa kallon waɗannan a matsayin malamai ba, saboda tsohon kallon da ake yi wa sana'ar roƙo. Da yawansu 'ya'yansu sun kama wasu sana'o'in, ilimin kuma yana hannun masu furfura. Ina ba da shawarar iyayen da ke da sha'awa su haɗa kai, a nemi ɗaya ko biyu daga cikinsu, a yanka musu lada na mutunci, su riƙa zama da yara ranar Asabar a gaban iyaye. Yaron da ya iya riƙe amshi da bugun kalangu, in ya koma kan fiyano malaminsa zai ga bambanci, Hausarsa ma za ta miƙe.

Duk mai wata shawara, ko wanda ya san makaɗin da zai iya koyarwa, ya kawo maganar a taronmu na gaba. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu dace.