Macijin Tsauni Ma Halittar Allah Ne

Yawancinmu in mun ga maciji, sanda muke nema. Amma ya kamata mu tsaya mu yi tunani.

A shekarar 2016 masana suka bayyana wani sabon nau'in kububuwa mai suna Vipera walser, a tsaunukan Alps na arewacin Italiya. Yana zaune a 'yan wurare kaɗan can bisa duwatsu, kashi biyu da ba sa haɗuwa. Gwajin ƙwayoyin gado ya nuna bambancin da ke tsakanin macizan kaɗan ne ƙwarai. Haɗarin ke nan, domin in dangi suka yi ta barbarar juna, zuriya takan raunana.

An ga haka a Smygehuk ta ƙasar Suwidin, inda kububuwa suka riƙa haifar 'ya'ya matattu ko naƙasassu. A 1992 aka kawo maza 20 daga wasu wurare, sai zuriyar ta farfaɗo.

Saboda haka, a ganinmu, barin kashe maciji kaɗai bai isa ba. Dole a kiyaye hanyoyin da suke bi su sadu da waɗanda ba danginsu ba. Littafin Farawa ya koya mana cewa Allah ya danƙa wa mutum kula da halitta. Maciji ma yana cikin wannan amana.