Likita Ma Ɗan Wani Ne

 Na san tun da aka tashe mu daga Agbogbloshie aka kai mu Adjen Kotoku a watan Yuli, duk mai sayar da albasa yana da abin faɗi, kuma da yawanku kun turo mini saƙo a kan haka. Ku yi mini uzuri, wannan sai wani makon. Yau maganar gida ce.

Ina da 'yar ƙanwa likita a wani asibiti a nan Ankara, babban birnin Gana. Da kuɗin albasar Galmi aka biya mata wani ɓangare na karatunta, shi ya sa nake ɗan taƙama da ita a majalisa. Watan jiya uwarta ta kira ni ta ce, "Yaya, yarinyar nan ba ta ci, ba ta barci. In ta taso aiki sai ta zauna a cikin mota a ƙofar gida, ta fi awa guda kafin ta shigo." Na je na same ta duk ta zabge. Sai na yi mata irin maganar da muka iya, na ce, "Ki yi haƙuri 'yata, aikin lada kike yi." Ta ɗago kai ta ce, "Kawu, haƙuri ina yi. Kai ka yi allurar?"

Na yi shiru, don ban yi ba.

Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ce ba yawan aikin ne ya fi cin ta ba. Mutanenmu ba sa zuwa sai an gama jiƙe-jiƙe da surace da maganin kemis, sai numfashi ya fara sarƙewa sannan a ɗauko tsoho a tasi cikin dare. Ta sa masa iskar oksijin, ta kwana a kansa, da asuba ya cika. In ta fito ta faɗa wa 'ya'yansa, da Hausa, don ita ake turawa in mamacin namu ne, sai wani ya nuna ta da yatsa ya ce sun liƙa wa ubansu korona don su ci kuɗin Turawa. Ta ce akwai lokacin da ta yi makonni ba ta ɗauki ɗanta ba don tsoron kada ta shafa masa. Kuma ko ta kwanta ƙarar na'urorin nan take ji a kunnenta. Zaman motar nan kuka take yi, don kada uwarta ta gani.

Wallahi kunya ta kama ni. Mu fa 'yan kasuwa mun san halinmu. Mu nawa ne muke da katin rigakafin shawara a jaka, mai hatimi da sa hannu, alhali allura ba ta taɓa shiga damtsenmu ba? Ni kaina na taɓa sayen irinsa a bakin boda shekarun baya, Allah Ya yafe mini. A 2021 na ji ana cigiyar katin korona ta wannan hanyar. To kati zai wuce da kai gaban jami'i, amma ba zai hana ka kwanciya a gadon da yarinyar nan take gadi ba.

Ban ce tsoron da muke yi ba shi da tushe ba. Wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara wajen 200, har 11 suka rasu, ba za a ce masa wawa ba don ya yi tambaya. Amma mu tuna ɗaya gefen. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye a banza. Da aka koma ɗiga maganin, ga shi a watan Agusta na 2020 an tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Ita wannan allurar, Gana ce ƙasar farko a duniya da ta karɓa ta shirin COVAX, ranar 24 ga Fabrairu 2021, guda 600,000 na AstraZeneca da aka yi a Indiya. Shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya miƙa hannu a bainar jama'a ranar 1 ga Maris. Babban limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, mai shekara sama da 100, shi ma an yi masa. Hajjin 2021 mutum 60,000 kawai aka bari, duk mazauna Saudiyya, duk masu rigakafi. 

A 2021 kyauta ake yin ta. Ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, 'yar tawa ma ba ta ɓoye mini wannan ba, amma tana rage tsananin ciwon ƙwarai, musamman ga irinmu da muka haura 50, masu hawan jini da ciwon suga. A lokacin AstraZeneca sau biyu ake yi da tazarar makonni. Direbobinmu masu dogon zango, da ba su san inda wata mai zuwa zai same su ba, a lokacin suna iya tambayar Johnson & Johnson, ita sau ɗaya ce.

Sai maganar su likitocin da nas-nas. Mu a wajenmu in an ce ciwon ƙwaƙwalwa sai mu hango mai tsince-tsince a bola. Damuwa ma ciwo ce, tana hana ci da barci, tana sa mutum ya ji ya tsani aikin da ya yi shekaru yana nema. In akwai ma'aikacin asibiti a gidanku, ku daina tarbarsa da "zo ka duba mini nan" tun bai cire takalmi ba. Ranar hutunsa a bar shi ya yi barci, kada a ce ya yi girman kai don bai je suna ba. A tambaye shi yaya yake, a kuma tsaya a ji amsar, abin da ni na kasa yi da farko. In abin ya yi nisa, ya ga likitan da ya san wannan fannin ba abin kunya ba ne, kuma ba ya hana addu'a. In kuma Allah Ya ɗauki ran naka a hannunsu, ka riƙe harshenka. Mai yiwuwa wanda kake zagi bai runtsa ba a kan majinyacinka.

Na je na yi tawa washegari. Hannu ya yi tsami kwana biyu, na yi ɗan zazzaɓi dare ɗaya, na sha farasitamol na fita kasuwa. Na ɗauki hoton katin na tura mata. Ba ta ce komai ba sai "Saura ta biyu, Kawu." Uwarta ta ce mini ta fara zuwa wajen wata abokiyar aikinta mai duba irin wannan damuwar, kuma ranar Juma'a ta ci tuwo da miyar kuka har ta nemi ƙari. Zaman motar dai har yanzu tana yi, amma ya ragu.

Ta biyun tawa wata mai zuwa ce. Akwai wurin mutum uku a motata daga Nima, wanda ya shirya ya yi mini magana bayan sallar asuba.